Kloksasilin giram 2 duk bayan awa 6: ko akwai hanyar sauƙaƙa wa majinyaci?

Sista Mai Aikin Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a ɗakin maza na wani asibitin gwamnati, kuma ina neman ƙarin haske daga likitoci da masu haɗa magunguna da ke wannan zaure game da allurar kloksasilin, maganin kashe ƙwayar cuta. Muna da wani saurayi manomi, nauyinsa kilo 60, wanda aka kawo da zazzaɓi mai zafi da kumburi a cinya har ya kasa taka ƙafar. An tsaga wurin an fitar da mugunya mai yawa daga cikin tsoka, sannan gwajin jininsa ya nuna ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus. Kafin sakamakon ya fito seftiriyazon ake yi masa sau ɗaya a rana, amma da likita ya ga takardar sai ya dakatar da ita, ya rubuta kloksasilin giram 2 ta jijiya duk bayan awa 6.

Kwalbar da ake samu a wurinmu ta miligiram 500 ce, wato kwalba 4 a kowace allura, kwalba 16 a yini, kuma 'yan'uwansa ne ke saye da kuɗinsu. Babban wansa ya tare ni yana tambaya cikin ladabi me ya sa aka bar allurar da ake yi sau ɗaya aka koma wadda ake yi sau huɗu, alhali mutumin ya fara samun sauƙi, ya kuma ce mai kemis ya gaya masa Ampiclox ma tana ɗauke da wannan magani kuma ta fi sauƙin samu. Bayan haka jijiyoyin hannun yaron suna yin ja suna ciwo, ba a daɗewa sai an sauya masa kanula, wato ɗan bututun da ake sakawa a jijiya don yin allura.

Abin da nake son sani shi ne dalilin yawan wannan allura, da ko za a iya haɗa ta a yi giram 4 sau biyu a rana don a huta da ta tsakar dare, da ko Ampiclox za ta iya maye gurbinta, da kuma tsawon lokacin da ya kamata a ɗauka ana yi. Ina son in fahimta sosai domin in iya yi wa masu jinya bayanin da zai gamsar da su.

Likitan Manya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Sista. Likitanku ya yi daidai, kuma ina roƙon kada a taɓa tazarar nan ta awa 6, domin a kanta maganin ya dogara.

Kloksasilin, kamar sauran dangin fenisilin, ba ta daɗewa a jiki. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya rabin abin da ke cikin jini ya fita, kuma mafi yawan wanda ya rage yana manne da furotin ɗin jini, kaɗan ne ke yawo sakaka yana aiki. Irin waɗannan magunguna ba da yawan da aka zuba lokaci guda suke kashe ƙwayar cuta ba, da tsawon lokacin da suka ɗauka a jini sama da ƙarfin da ƙwayar ke iya jurewa ne. Kamar dahuwar wake ne, wanda ya zuba duk icensa lokaci ɗaya wuta ta tashi ta mutu ba zai ci wake ba, sai wanda ya riƙa iza wutar a kai a kai. Idan kika ba shi giram 4 da safe, ninka maganin zai ƙara masa awa ɗaya ce kawai ko ƙasa da haka, sannan ya shafe sa'o'i masu yawa jininsa fanko, ƙwayar cuta tana hayayyafa yadda take so. Saboda haka jimillar giram 8 a yini ba ta da amfani idan ba a raba ta ba. A cututtuka masu tsanani, kamar wanda ya kama bawul ɗin zuciya, har giram 12 ake bayarwa a yini, ana yin giram 2 duk bayan awa 4.

Game da dalilin barin seftiriyazon, ita magani ce mai faɗi, tana taɓa ƙwayoyin cuta iri-iri, shi ya sa ake farawa da ita kafin a san abokin gāba. Amma ƙarfinta a kan Staphylococcus aureus bai kai na kloksasilin ba, kuma idan ƙwayar ta riga ta shiga jini ba ma son magani mai rabin ƙarfi. Wannan ƙwaya tana da hali guda da ya sa muke tsoronta, wato tana barin inda ta fara ta je ta yi sheƙa a ƙashi, ko gaɓa, ko ƙashin baya, ko zuciya, sai bayan makonni majinyacin da aka sallama ya dawo da ciwon da ya fi na farko muni. Sauƙin da wansa ya gani yawancinsa daga tsaga wurin ne da fitar da mugunya, wanda shi ne rabin maganin, amma bai nuna jinin ya tsarkaka ba.

Tarihin maganin ma yana taimakawa wajen bayani. A kan farantin Staphylococcus ne Alexander Fleming ya lura da fenisilin a Landan a 1928, kuma da farko tana kashe ƙwayar cikin sauƙi. Ba a daɗe da fara amfani da ita ba a shekarun 1940 sai aka ga wasu nau'in ƙwayar suna fitar da wani sinadari da ke farfasa fenisilin kafin ta yi aiki, kuma a yau mafi yawan Staphylococcus aureus haka suke. Don a magance wannan ne aka ƙera fenisilin mai ɗauke da wani reshe da ke kare ta daga wannan sinadari. Metisilin ce ta fara fitowa wajen 1960, daga baya aka bar ta saboda tana lahanta ƙoda, sai 'yan'uwanta suka maye gurbinta. A Amurka nafsilin da okzasilin ake amfani da su, a Birtaniya da Ostareliya fulukloksasilin, mu kuma a nan kloksasilin ce ta fi samuwa, kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsu ɗaya ne, adadin da ake bayarwa ma kusan ɗaya ne.

Tsawon lokaci kuwa, mafi ƙaranci kwana 14 ne ga wanda ƙwayar ta shiga jininsa, kuma wannan ga mai sa'a ne wanda zazzaɓinsa ya sauka da wuri, gwajin jini na biyu ya fito babu komai, ba shi da ƙarfe ko bawul na roba a jiki, kuma ba a ga ciwon ya yaɗu ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, ana maganar mako 4 zuwa 6 ne. Ina ba da shawara a saurari zuciyarsa kullum, a tambaye shi ciwon baya, a duba gaɓoɓinsa, idan kuma akwai halin hoton zuciya a yi masa.

Mai Haɗa Magunguna ya rubuta:

Sista, bari in ɗauki batun Ampiclox, domin nan ne aka fi cutar da mutane ba tare da an sani ba. Kwalbar da aka rubuta miligiram 500 a jikinta rabi da rabi ce, ampisilin 250 da kloksasilin 250. Ampisilin ɗin nan ba ta da kariya daga sinadarin da Likita ya ambata, saboda haka a kan wannan ƙwaya kusan ba ta da aikin yi. Idan kuka yi wa yaron kwalba 4 na Ampiclox kuna zaton kun ba shi giram 2, giram 1 kacal ya samu na abin da yake buƙata. Kafin ya samu giram 2 na gaskiya sai an fasa kwalba 8 a kowace allura, kwalba 32 a yini, kuma a lokacin an ɗura masa giram 8 na ampisilin da ba ya buƙata, wadda za ta iya jawo masa gudawa da ƙuraje. Ki yi wa wan nasa wannan lissafin a takarda ya gani da idonsa, na tabbata zai gane cewa arahar ba araha ba ce. Abin yana damuna ƙwarai yadda wannan magani ya zama na kowa da kowa a wurinmu, ana shan ƙwaya biyu don maruru ko bayan haihuwa a daina, domin irin wannan shan na rabi-rabi shi ke koya wa ƙwayar cuta jure magani.

Ciwon jijiya kuwa sanannen hali ne na wannan dangi, kuma yawancinsa daga yadda ake tura allurar ne. Idan aka narkar da kwalba 4 a ɗan ruwa kaɗan aka danna da sirinji cikin daƙiƙoƙi, dole jijiya ta ƙone. Abin da ya fi shi ne a narkar da kowace kwalba da ruwan haɗa allura, a zuba duka a cikin mililita 100 na ruwan gishiri na ƙarin ruwa, a bar shi ya sauka a hankali cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan a wanke kanular da ɗan ruwan gishiri bayan an gama. A zaɓi babbar jijiya ta damtse ko ta tsakiyar hannu maimakon ƙananan na bayan tafi, kuma da zarar wurin ya fara ja ko tauri a cire a sauya, domin kanular da ta ruɓe ita kanta ƙofa ce da Staphylococcus ke bi ta shiga jini. Sauka a hankalin nan yana da wata riba, yana ƙara tsawon lokacin da maganin ke yi a jini. A haɗa maganin a lokacin da za a yi shi, kada a haɗa na yini guda a ajiye a kan tire cikin zafin ɗaki. Idan kuma an rubuta masa jentamaisin, wani maganin kashe ƙwayar cuta, tare da ita, kada su haɗu a sirinji ɗaya ko leda ɗaya, domin fenisilin tana lalata ta.

Ga allurar dare, ku tsayar da lokaci ɗaya kowa ya sani, misali shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma, sha biyun dare, kuma mai aikin yamma ya tabbatar kwalaben dare suna hannu tun kafin a rufe wurin sayar da magani. Idan aka makara, a yi ta da zarar an lura, a rubuta ainihin lokacin a kati, amma ba a ninka ta gaba don a rama.

Tun da ba ki ambata ba, ina tunatarwa a tambayi kowane majinyaci ko fenisilin ta taɓa sa shi borin jini, ko kumburin fuska da leɓe, ko sarƙewar numfashi. Wanda ya taɓa irin wannan ba a yi masa kloksasilin. Adirenalin, allurar gaggawa ta irin wannan bori, ta kasance a kusa duk lokacin allurar farko, ga babba mililita 0.5 na mai ƙarfin 1 cikin 1000 a tsokar gefen cinya.

Sista Mai Aikin Dare ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Likita, na gode Malam. Lissafin kwalaben nan zai taimake ni sosai. Amma akwai abu biyu da suka rage mini. Ina yawan jin ana cewa MRSA, wato Staphylococcus aureus mai jure kloksasilin da danginta, to ta yaya za mu san ƙwayar wannan yaron ba irinta ba ce, tunda idan ita ce duk wannan ɗawainiya ta tashi a banza? Sannan idan kuɗi ya ƙare wa iyalin a tsakiyar hanya, wanda abu ne da muke gani kullum, ba za a iya mayar da shi kan ƙwayoyin sha ba?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Sista, amsar tambayarki ta farko tana kan takardar sakamakon da ke cikin fayil ɗinsa. Ki duba layin da aka rubuta sefoksitin ko okzasilin, magungunan da muke gwada ƙwayar da su. A ɗakin gwaji muna shimfiɗa ƙwayar a kan faranti, mu ɗora ɗan faifan takarda mai ɗauke da maikirogiram 30 na sefoksitin, mu kwana da shi a na'urar ɗumi, washegari mu auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a cikinta. Idan da'irar ta yi faɗi yadda ake so, kloksasilin za ta yi aiki. Idan ƙwayar ta tsiro har kusa da faifan, to MRSA ce, kuma ba kloksasilin kaɗai ba, seftiriyazon da Ampiclox da kusan duk danginsu sun faɗi tare. Dalili kuwa shi ne ita MRSA ba farfasa maganin take yi ba, wurin da maganin ke kamawa a jikinta ne ta sauya ta hanyar wani ƙwayar gado da ake kira mecA, saboda haka ƙara adadi ba ya amfani. Tun a 1961 aka fara ba da rahotonta a Ingila, jim kaɗan bayan fitowar metisilin. Idan MRSA ce, wani magani mai suna bankomaisin ake komawa, amma ina jaddada cewa ga ƙwayar da kloksasilin ke ci, bankomaisin ba ta kai ta ba, ta fi ta jinkirin kisa duk da tsadarta. Idan babu wannan layi a takardar, ki sa a dawo mana da tambaya, domin sakamakon Staphylococcus aureus a jini ba tare da shi ba bai cika ba.

Ina kuma roƙon a sake ɗibar jininsa bayan kwana 2 zuwa 3 da fara maganin da ya dace, domin daga ranar da jini ya fito babu ƙwaya ake fara ƙirga kwana 14 ɗin da Likita ya faɗa. A goge fata sosai kafin ɗiba, saboda akwai 'yan'uwan wannan ƙwaya da ke zaune a fatar kowa, kuma sukan faɗa cikin kwalba su ruɗa mu. Muna bambance su da gwajin daskarar da ruwan jini, wanda aureus ke yi su kuwa ba sa yi.

Akwai wani abu da nake son mu riƙa faɗa wa jama'a. Sunan nan ya shiga bakin masu tallar magani a kasuwa da rediyo, har mutane sun ɗauka Staphylococcus ciwon sanyi ne da ke hana haihuwa ko rage ƙarfin namiji. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci lafiya lau, kuma ganinta a gwajin auduga da aka shafo daga fata ko al'aura sau da yawa ba ciwo ba ne. Sai ga shi ana yi wa masu lafiya allurai barkatai a kanta, shi kuwa wanda ta shiga jininsa, wanda take iya kashewa, ana neman a taƙaita masa.

Likitar Yara ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ko da yake majinyacin Sista babba ne, na san ma'aikatan ɗakin yara ma suna karanta wannan zaure, don haka zan ƙara nasu. Yaro da nauyinsa ake auna masa. Littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da yara a asibiti ya ba da miligiram 50 ga kowane kilo duk bayan awa 6 ga ciwon ƙashi da na gaɓa da ciwon huhu na Staphylococcus. Yaro mai kilo 12 ke nan zai samu miligiram 600 a kowace allura, kwalba ɗaya da ɗan ƙari, kuma wannan ɗan ƙarin ne ake yawan yafewa a tsaya a kwalba ɗaya saboda kada a fasa ta biyu, wanda bai kamata ba. A ciwon huhun nan, wanda mukan gani bayan ƙyanda ko a yaro mai tamowa, ana haɗa ta da jentamaisin miligiram 7.5 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, kloksasilin ɗin kuma a cika mako 3 gaba ɗaya ana ba da ita. Jarirai kuwa ƙodarsu ba ta gama ƙwari ba, maganin yana daɗewa a jikinsu, shi ya sa ake ba su miligiram 25 zuwa 50 ga kowane kilo duk bayan awa 12 a makon farko na haihuwa, sannan duk bayan awa 8 daga mako na biyu zuwa na huɗu. Cibiyar da ta yi ja tana ruwa da ƙurajen fata masu mugunya su ne suka fi kawo mana su.

Gargaɗina babba a kan masu sikila ne, kuma Allah ya sani muna da su da yawa. Idan mai sikila ya zo da ciwon ƙashi da zazzaɓi, ƙwayar cutar Salmonella tana cikin manyan waɗanda ake zargi, kuma kloksasilin ba ta taɓa ta ko kaɗan. A nan ba a dogara da ita ita kaɗai kafin sakamako ya fito, sai an haɗa da maganin da ke cin Salmonella, irin su seftiriyazon ɗin da aka cire wa majinyacinki.

Likitan Manya ya rubuta:

Sista, game da komawa ƙwayoyin sha, tambaya ce mai nauyi kuma ba zan ce miki ba a yi ba. A yara masu ciwon ƙashi an daɗe ana mayar da su kan na sha da zarar zazzaɓi ya sauka, kuma wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa manya masu ciwon ƙashi da gaɓa da aka mayar kan na sha da wuri ba su fi waɗanda aka ci gaba da yi wa allura shan wahala ba. Amma ga wanda aka samu ƙwayar a jininsa, ni dai ina riƙe allura har sai na ga gwaji na biyu ya fito fes, zazzaɓi ya tafi, mugunya ta daina taruwa, kuma yana cin abinci. Kafso na kloksasilin hanji ba ya tsotse shi duka, abinci kuma yana ƙara rage shi, don haka sai an sha shi awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayansa, sau huɗu a rana, kuma miligiram 500 da aka saba rubutawa don maruru ya yi kaɗan ga irin wannan ciwo. Idan kin hango kuɗi zai yanke, ki sanar da likitan tun da sauran kwalabe a hannu, domin ya zaɓi abin da za a koma da tunani, ya fi a wayi gari kawai babu magani. Ki kuma tambaya ko ana samun sefazolin a garinku, domin ita giram 2 ce duk bayan awa 8, ƙarfinta a kan wannan ƙwaya ya yi daidai da na kloksasilin, kuma ta fi sauƙi ga jijiya da ƙoda.

Tunda maganin zai ɗauki makonni, a riƙa duba aikin ƙoda da hanta da sinadarin fotasiyam da ƙirgen ƙwayoyin jini sau ɗaya a mako, domin dogon amfani da wannan dangi yakan taɓa su. Fulukloksasilin musamman an san ta da jawo shawara, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, kuma hakan yana iya bayyana har wata biyu bayan an daina maganin, ya fi yawa ga tsofaffi da wanda ya wuce mako biyu yana sha. Kloksasilin ma tana iya yin haka ko da yake bai kai yawan na waccan ba. Ki faɗa wa yaron da wansa wannan kafin a sallame su, cewa idan suka ga idonsa ya sauya su dawo asibiti da katinsa, su kuma gaya wa duk likitan da suka tarar sunan allurar da aka yi masa da tsawon lokacin da ya ɗauka a kanta.